Na je horon waya da kwamfuta na kyautan nan, ga abin da na gani

Jama'a salamu alaikum. Tun ranar da muka gama nake son rubuta wannan, amma na ce bari in bari a ɗan kwana biyu tukuna in ga ko abin da aka koya mana zai zauna a kaina ko kuwa zai bi ruwa, to yanzu na gwada na gani, kuma tunda na ji za su sake buɗe wani zagayen na ga ya kamata in faɗi abin da na tarar, mai daɗi da marar daɗi, saboda wanda ke tunanin zuwa ya san abin da zai je ya samu.

Da farko gaskiya ban yarda da abin ba. A WhatsApp na ga sanarwar, wani ya turo ta guruf, wai wasu matasa 'yan sa kai za su koyar da sarrafa waya da kwamfuta na kwana uku, ba a biyan komai. Kun san yadda muka saba da irin waɗannan saƙonnin, duk wanda ya fara da kyauta ƙarshensa sai a ce ka tura wa mutum ashirin ko ka saka lambar katin bankinka, ni kuma a raina na ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Abin da ya fara kwantar min da hankali shi ne fom ɗin rajistar, na Google Forms ne, suna suka tambaya da lambar waya da ko ka taɓa taɓa kwamfuta da abin da ka fi son ka koya, shi ke nan, ba maganar banki ba maganar kati. Sannan sun rubuta wuri da lokaci ƙarara. Na kira lambar da ke jiki wata mata ta ɗauka, na ce mata Malama don Allah ki faɗa min gaskiya, in mun zo ba za a ce mu biya kuɗin satifiket ko na takardu ba? Ta ce Malam ka zo da wayarka da caja da biro, in wani ya tambaye ka ko sisi ka zo ka same ni. Kuma haka aka yi har muka gama.

Ni dai ba baƙon waya ba ne, na yi shekaru ina riƙe da babbar waya, ina WhatsApp ina Facebook ina kallon bidiyo. Amma imel ɗina ƙanena ne ya buɗe min, shi ya san kalmar sirrin, duk lokacin da aka ce a turo takarda ta imel sai na neme shi, in ba ya nan sai in jira. Na ɗauka ni kaɗai ne a haka sai da malamin ranar farko ya ce duk wanda ya san kalmar sirrin imel ɗinsa da ka ya ɗaga hannu, wallahi hannuwan da suka tashi ba su da yawa. Ya ce to daga nan za mu fara, ba za mu taɓa kwamfuta ba sai kowa ya mallaki abin da ke aljihunsa.

Wannan ranar ta farko ita ce ta fi min komai, kuma ko ita kaɗai mutum ya halarta bai yi asarar fitowa ba. Ya nuna mana cewa asusun Google ɗin da aka buɗe maka ranar da ka sayi waya ba na sauke manhaja ne kawai ba, shi ne imel ɗinka, shi ne ma'ajiyarka, suna ba ka gigabait 15 kyauta da ake rabawa tsakanin Gmail da Drive da Photos, kuma in ka bari lambobin mutanenka suna ajiyuwa a cikinsa to ko wayar ta faɗa ruwa ko an sace, kana saka imel ɗin a sabuwa za su dawo. Mutane nawa muka sani da suke rubutawa a Facebook cewa waya ta ɓata kowa ya turo lambarsa? Ashe abin da zai hana hakan bai fi minti biyu ba a saiti. Kowa ya sauya kalmar sirrinsa a wurin, ya saka lambar wayar da za a iya dawo da asusun da ita in an manta. Ya hana mu saka shekarar haihuwa ko sunan ɗa ko lambar waya, ya ce ka haɗa kalmomi uku ko huɗu da ba su da alaƙa da juna ka sa lamba a tsakani, ya fi tsawo ya fi wuyar zato kuma ya fi sauƙin tunawa, sannan kada wanda ka saka a imel ya zama shi ne na Facebook, domin in aka samu ɗaya an samu duka.

Da aka zo kan WhatsApp ne wani dattijo da ke zaune a gefena ya nemi izini ya ba da labarinsa. Ya ce an kira shi aka ce ana taron guruf ɗinsu ta intanet, za a turo masa wasu lambobi shida ya karanto domin a saka shi a ciki, ya karanto, kafin ya ajiye wayar an fitar da shi daga WhatsApp ɗinsa, aka dinga bin 'yan uwa da abokansa ana roƙon kuɗi da sunansa, har wasu suka tura. Ya ce abin da ya fi ƙona masa rai ba kuɗin ba ne, kunyar da ya ji ce. Ɗakin ya yi tsit. Malamin ya ce Baba ba kai kaɗai ba ne, kuma ba rashin wayo ba ne, ba a taɓa zaunar da kai an faɗa maka ba ne. Sai ya yi bayani cewa waɗannan lambobi shida su ne mabuɗin da WhatsApp ke turo wa mai layi idan ana son buɗe asusun a wata wayar, duk wanda ka ba shi ka miƙa masa asusunka ne da hannunka, kuma babu wani ma'aikacin kamfani ko na banki na gaskiya da zai kira ka ya ce ka karanto masa lambar da aka turo maka. Daga nan aka bi mu ɗaya bayan ɗaya kowa ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ka zaɓi wasu lambobi shida naka na kanka ka haɗa da imel, ta yadda ko an yaudare ka an karɓi na farkon sai an nemi na biyun. Ya kuma nuna mana wurin da ake ganin na'urorin da aka jona da WhatsApp ɗinka, ana iya jona har guda huɗu, wata baiwar Allah ta duba nata ta ga wata kwamfuta da ba ta sani ba a jone, nan take aka cire.

Akwai wani abu da na daɗe ina ɗauka daidai ne ashe ba haka ba. Na taɓa ji an ce in ka ga alamar kwaɗo a saman shafi ko adireshin ya fara da https to shafin amintacce ne. Malamin ya ce a'a, abin da hakan ke nufi kawai shi ne abin da ke wucewa tsakaninka da shafin a rufe yake, amma ɓarawo ma yana iya yin shafi mai kwaɗo. Abin dubawa shi ne sunan adireshin kansa, harafi bayan harafi, domin sukan sauya harafi ɗaya ko su ƙara wata kalma su yi kama da na gaske. Ya haska mana misalai a bango muna ta neman inda aka sauya, wasu sai ka zura ido sosai kafin ka gani. Kafin mu tashi ya sa kowa ya danna *#06# ya kwafe lambar IMEI ta wayarsa, wato lambar shaidar da ake gane wayar da ita mai lambobi 15, a takarda ya ajiye a gida saboda ranar ɓacin rana.

Rana ta biyu aka hau kwamfuta, kuma a nan ne matsalolin suka fara fitowa, zan faɗe su tsakani da Allah. Kwamfutocin ba su isa ba, mu uku uku muka dinga zama a kan ɗaya, kuma kun san yadda abin yake, wanda ya ɗan iya shi ke kama mawus, sauran su zama 'yan kallo. Ni sai da na ce wa yaron da muke tare ɗan'uwa ɗan ba ni in gwada da hannuna, ya ba ni ba musu, amma na ga mata biyu a layin baya da har aka kusa tashi ba su taɓa kibod ba saboda kunya ta hana su magana. Ya kamata masu shiryawa su sa ƙa'ida, kowa minti goma a juya, kada a bar shi ga kawaici. Intanet ɗin wurin ma da muka hau gaba ɗaya sai ya dinga jan ƙafa, shafi ɗaya sai ka jira ka gaji, wasu suka koma kan datar wayarsu. Na uku kuma shi ya fi damuna, malamin da ya ɗauki darasin rubutu yana da ilimin abin sosai amma yana da sauri, kuma in ya yi jimla ɗaya da Hausa sai ya yi uku da Turanci, dattawan da ke wurin suka ɓace tun a farko. Da aka yi hutu na same shi a gefe na ce Malam don Allah a ɗan sassauta, akwai iyayenmu a baya da ba sa bi. Ya karɓa da kyau ya gode, ya ɗan gyara, sai dai in ya ɗauki zafi yakan koma gidan jiya.

Duk da haka na ƙaru. Na buɗe takarda na rubuta wasiƙar neman aiki ta gwaji, na koyi Ctrl da C na kwafa, Ctrl da V na liƙawa, Ctrl da S na ajiyewa, da Ctrl da Z wanda ke dawo da abin da ka goge bisa kuskure, wannan na ƙarshen shi ya cire min tsoron taɓa kwamfuta domin da ina ganin in na danna wani abu ba daidai ba komai zai lalace. Aka nuna mana yadda ake mayar da takarda PDF saboda kada tsarinta ya wargaje in an buɗe a wata na'urar, da yadda ake maƙala ta a imel, da cewa Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabait 25 a maƙale, in ya fi haka sai ya bi ta Drive. Har da ɗan abin nan na janye saƙo in ka tura bisa kuskure, ana iya saita shi ya ba ka har daƙiƙa 30. Na tura imel ɗina na farko da hannuna zuwa ga ƙanen nawa, ya kira ni yana tambaya wa ya tura min.

Sai jadawalin lissafi, wato Excel da ɗan'uwansa Google Sheets. Malamar da ta ɗauki wannan ita ce gwanar koyarwa a cikinsu duka a ganina. Ba ta fara da sunayen abubuwa ba, cewa ta yi kowa ya tuna littafin da yake rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, to wannan shi ne littafin, bambancin kawai shi wannan yana tara lissafin da kansa. Muka jera kwanaki a layi ɗaya, adadi a layi na biyu, ta ce mu rubuta =SUM(B2:B10) a ƙasa, jimla ta fito, ta ce to ku sauya lamba ɗaya a sama ku gani, jimlar ta sauya da kanta. Wani mai sana'a da ke gabana ya ce Malama ashe duk daren da nake yi ina bin kalkuleta wannan abin yana cikin wayata? Ta ce yana ciki, kuma kyauta ne. Ni tun daga ranar a ciki nake rubuta abin da nake kashewa, yau kusan sati uku ban tsallake ba.

Wani ƙaramin abu da ya faranta min rai, kuna ganin yadda nake rubuta ƙ da ɗ da ɓ a wannan rubutun, a wurin na koya. Ashe a kibod ɗin Gboard ana ƙara Hausa a cikin harsuna, haruffan masu lanƙwasa su samu. Da sai in rubuta kasa ina nufin ƙasa, mai karatu ya yi ta lalube.

Rana ta uku ta kasance ta masu sana'a da kuma tantance labari. An nuna WhatsApp Business, wanda aka fito da shi tun 2018 amma da yawanmu ba mu taɓa buɗe shi ba, yadda ake jera kaya da hotuna a katalog, da saƙon da ke amsa wa mutum da kansa in ba ka kusa, da yadda ake yi wa masu saye alama a san wanda ya biya da wanda ake bi. Aka taɓa Canva, wata manhajar tsara zane da hotuna, aka yi ɗan allon talla, amma gaskiya an yi shi a gurguje, wanda bai taɓa gani ba ba zai ce ya iya ba daga wannan zaman. Da ni ne da na cire shi na ba wa darasin tantance labari lokacin, domin shi ma an matse shi alhali yana da muhimmanci. A ɗan lokacin da aka samu an nuna mana yadda ake saka hoto a Google Lens a ga inda ya taɓa fitowa, malamin ya ɗauko wani hoto da ake yaɗawa a matsayin sabon abu, muka bincika muka ga ya yi shekaru yana yawo. Ya kuma nuna mana kibiya biyun nan da WhatsApp ke sakawa a kan saƙon da aka yi ta turawa hannu zuwa hannu, ya ce in kun gan ta ku dakata ku tambayi kanku wa ya fara rubuta wannan, kafin ku ƙara tura shi gaba.

Satifiket sun bayar, takardar shaidar halarta ce kawai, kada wani ya je da tunanin da ita zai samu aiki, su ma sun faɗa da bakinsu. Kuma kwana uku ba za su mayar da kai masanin kwamfuta ba. Wanda ya riga ya iya imel da Excel zai ga kamar ana maimaita masa abin da ya sani, shi dai in zai zo to ya zo da niyyar taimaka wa na kusa da shi, don masu zagayawa suna duba mutane ba su da yawa. Sun buɗe mana guruf bayan an gama, ana yin tambaya suna amsawa, wani lokaci nan take wani lokaci sai washegari, mutane ne masu ayyukansu suke ware lokaci, ban ga laifinsu ba.

Babban abin da ya sa na zauna na yi wannan dogon rubutu shi ne yadda ake tallata abin. Sanarwar a intanet take, rajistar ma a intanet take, fom ɗin kuma sai wanda ya iya cikewa. To wanda aka shirya abin dominsa fa, wanda bai san yadda ake danna mahaɗi ya cike fom ba, ta ina zai ji? Dattijon nan da na ba ku labarinsa jikarsa ce ta yi masa rajista ta rako shi, matan layin baya maƙwabciyarsu ce ta faɗa musu da baki. Duk wanda na tambaya a cikin waɗanda suka fi buƙatar horon, wani ne ya kamo hannunsa. Na faɗa wa masu shiryawa su buga takarda su liƙa a inda mutane ke taruwa, su nemi a sanar a rediyo, su ajiye mutum ɗaya da littafi a bakin ƙofa mai rubuta sunan wanda ya zo ba tare da fom ba, kuma su rubuta a sanarwar da manyan baƙaƙe cewa ko ba ka taɓa taɓa kwamfuta ba kai ake nema, domin da yawa suna ganin kalmar kwamfuta sai su ce wannan na 'yan makaranta ne. Sun ce za su duba, Allah ya ba su iko.

Amma kafin su duba, mu da muke karanta wannan muna da waya a hannu kuma mun iya karatu, aikin ya dawo kanmu. Kowannenmu ya san mutum ɗaya aƙalla da kullum sai ya miƙo waya ya ce duba min wannan saƙon, ko uwa ko kawu ko maƙwabci ko abokin sana'a. Kada ka tsaya a tura masa sanarwar, ba zai buɗe ba. Ka je ka same shi ka faɗa masa da baki, ka cike masa fom ɗin yana kallo, in da hali ka raka shi ranar farko domin shiga ɗakin ne ya fi yi musu nauyi, in suka zauna suka ga sa'o'insu a ciki shi ke nan sun sake.

Wanda zai je ya cika wayarsa da caji tun daga gida don wuraren jona caja ba su da yawa, ya tafi da ɗan littafi da biro, ya tabbatar layin da ya buɗe WhatsApp da imel da shi yana cikin wayar saboda za a turo lambobi, in da hali ya saka 'yar data ko da intanet ɗin wurin zai yi nauyi, kuma ya je da wuri ya samu gaba. In malami ya yi sauri ka ɗaga hannu ka ce a maimaita, suna maimaitawa ba sa ɓata rai. Ni na riga na yi wa goggona rajistar zagaye mai zuwa, da ta ce ita ta tsufa da wannan, na ba ta labarin lambobi shidan nan sai ta yi shiru ta ce ita ma an taɓa kiranta haka Allah ne ya sa katin wayar mai kiran ya ƙare. Na ce mata Goggo ni zan kai ki kuma zan zauna kusa da ke har a tashi, ta ce to Allah ya kai mu.